Idan kaya suka lalace wajen tashin ofis: wa zai biya, kuma ta ina ake farawa?

Duk wanda ya kwana biyu a Kurmi ya san tashin ofis ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Yau mai gida ya ninka kuɗin haya, gobe hukuma ta shafa wa gini jan fenti, jibi kasuwa ta gusa wata unguwa dole ka bi ta. 'Yan canji, masu tura kaya Arewa, masu sayar da tikitin jirgi da shirya Umara, sakatarorin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, daga Agege da Idi-Araba har Sabon Ibadan, Shagamu, Anaca da Fatakwal, da wuya mako ya wuce ba ka ga teburin wani a bayan kanta ba. Abin da ba mu cika zama mu yi maganarsa ba shi ne abin da ke biyo baya idan an sauke kaya aka tarar an yi ɓarna.

Ni ya taɓa faɗa mini. Ina riƙe da ofishin maigidana, ƙaramin ofis na tura kaya da sayar da tikiti, muka tashi daga Agege za mu koma Ikeja, tafiyar da ba ta isa a kira ta tafiya ba. Cikin damina ne. Na je tasha na samu wani ɗan kamasho ɗan garinmu, ya haɗa ni da direban kanta, muka yi ciniki a tsaye, na ba da kafin alƙalami, babu takarda babu komai. 'Yan dako kuwa da safen na kira su a bakin titi. Ruwa ya tare mu a hanya, ga cunkoso, ga tamfol ɗin motar duk huji. Da muka isa, wajen hawa bene injin fotokofi ya suɓuce wa yaran ya daki matakala. Suka ce, "Ba komai Oga, roba ce kawai ta tsage." Magariba ta kawo kai, kowa ya gaji, na ƙirga cikon kuɗi na sallami kowa.

Washegari na buɗe kwalaye. Fotokofi ya ƙi tashi. Batirin inbata guda ashe kwantar da shi aka yi a mota, ruwansa ya tsiyaye cikin kwalin fayil-fayil ya cinye kusan rabinsu. Kwamfuta biyu sun sha ruwan sama. Na kira ɗan kamasho, ya ce, "Haba Malam, ni fa haɗa ku kawai na yi." Direba ya ce injin ba a motarsa ya faɗi ba, kuma 'yan dakon ba yaransa ba ne. Mai motar, da ƙyar na samu lambarsa, ya ce shi bai ma san an yi wannan lodi ba. Kowa da tasa gaskiyar, ni kuma ga Alhaji yana jiran bayani.

Abin da ke ƙasa shi ne abin da na tattara a watannin da suka biyo baya, wani daga bakin lauya, wani daga masu inshora, mafi yawa daga wahala.

Wa ka danƙa wa kayan?

Da wannan tambayar ake farawa. Dokar da kotunan jihohin Kudu ke aiki da ita a nan asalinta daga Ingila ne, amma ba ta yi nisa da abin da muka sani na amana ba. Idan ka miƙa kayanka ga wani ya kai maka wani wuri a kan lada, wajibi ne ya kula da su yadda mai hankali zai kula, ya miƙa su kamar yadda ya karɓa. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, da zarar ka tabbatar ka ba shi kaya lafiya ya sauke su a lalace, nauyin kawo hujja ya koma wuyansa. Shi zai nuna ba sakacinsa ba ne. Kai ba sai ka nuna ramin da motar ta faɗa ba. Kotunan Najeriya, har Kotun Ƙoli, sun daɗe a kan wannan matsayi.

To amma kalmar "lafiya" ɗin nan ita ce gaɓar. Me zai nuna injin yana aiki kafin a ɗora shi? A nan na sha ƙasa. Ba ni da jerin kayan da aka loda, ba ni da hoto, ba ni da sa hannun kowa. Da na ɗauki minti goma na yi bidiyon injin yana fitar da takarda a tsohon ofis, da magana ta canza.

Sai a duba sarƙar mutanen. Idan kamfanin kwashe kaya mai rajista ka ɗauka, wanda ya zo da motarsa da yaransa ya kuma ɗaure kayan da kansa, abin da sauƙi: mutum ɗaya ka sani, duk abin da yaransa suka ɓata cikin aikin shi zai ɗauka. Haka mai mota yake ɗaukar sakacin direban da yake biya albashi matuƙar a cikin aikinsa ya yi shi, shi ya sa masu mota ke saurin cewa ba su san da lodin ba. Ɗan kamasho kuwa, idan ya bayyana maka tun farko ga mai motar da yake wa aiki, da wuya ka kama shi da komai. Idan ya yi ciniki da kai kamar motarsa ce, ya karɓi kuɗin a asusunsa bai ambaci kowa ba, to ana iya binsa shi da kansa. Saboda haka asusun da ka tura wa kuɗi ba ƙaramar hujja ba ce. Kada ka tura wa yaron mota don an ce wayar direba ba caji.

'Yan dakon da ka kira da bakinka, ɓarnarsu ba ta hau kan mai mota. Kwalin da ka ɗaure da hannunka, ka cusa gilas ba jarida ba tsumma, idan ya fashe za a ce maka ɗaurin ne bai yi ba, kuma sau da yawa gaskiya ne.

Da lauyan ya rarrabe mini tamu ɓarnar, sai ta fito kashi uku. Ruwan da ya jiƙa kwamfutoci na mai mota ne, don wanda ya fito da huɗajjen tamfol a daminar Legas ba zai ce tsautsayi ba. Batirin da aka kwantar, yaron mota ne ya jera lodin, nan ma nasu ne. Fotokofi kuwa, wanda ya fi komai tsada, a hannun yaran da ni na kira ya faɗi. A doka ina iya binsu. A zahiri mutanen da ke neman na abincin yini ne, me zan karɓa a wajensu?

Kafin motar ta bar ƙofa

Kuskurena mafi girma shi ne biyan ciko kafin in duba. Kuɗin da ke hannunka shi ne kawai abin da ke sa direba ya tsaya ya saurare ka. Sai dai a lura, riƙe cikon ya kamata ya zama cikin sharaɗin ciniki tun farko: rabi yanzu, saura idan an sauke an duba. Idan ba a yi haka ba, sai ka wayi gari direba ya kulle bayan mota ya ce ba ya sauke sauran kaya sai an biya shi, ka ga an shiga wata rigimar.

Idan an ga ɓarna, a ɗauki hoto nan take, kayan na inda suke, kafin a motsa su. A ɗauki motar da lambarta, tamfol ɗin, yadda aka jera lodin, kwalin da ya jiƙe, har matakalar da abin ya faɗi. A rubuta abin da ya lalace a jikin webil ko takardar karɓar kaya kafin ka sa hannu, direba ma ya sa. Wanda ya sa hannu a takardar da ke cewa an karɓi kaya lafiya, washegari ya dawo da kuka, ya wahalar da kansa. Idan dare ya yi ba a iya buɗe komai ba, rubuta cewa an karɓa ba a duba ba. In direba ya ƙi sa hannu, tura masa saƙon WhatsApp a gabansa da hotunan, ka tura wa mai motar da wanda ya haɗa ku. Amsar da zai ba ka cikin zafin lokacin, irin "yi haƙuri Alhaji, za mu san yadda za a yi", ta fi duk rantsuwar da za a yi bayan mako guda. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta yarda da hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta, amma tana neman bayani a kan na'urar da ta fito da ita, don haka kada ka goge saƙonnin, kada kuma ka sayar da wayar.

Sai hana ɓarnar ƙaruwa, wanda shi ma doka tana dubawa: asarar da kai ka bari ta ƙaru ba za a ɗora wa wani ba. Na'urar da ta sha ruwa kada a jona ta da wuta don a gwada. Ni na jona ɗaya, ita ce ba ta sake tashi ba. Wadda na bari mai gyara ya buɗe ya busar tana nan tana aiki. Kwamfutar da ta faɗi, idan ka kunna ka ji rumbun ajiyarta yana ƙas-ƙas, kashe ta, don kowace kunnawa tana ƙara cin bayanan da ke ciki. Janareton da aka karkatar, a duba ko baƙin mai ya bi ta inda iska ke shiga kafin a ja shi. Firij da aka kwantar a bar shi tsaye awanni kafin a kunna. Ruwan batir yana cin fata da tufa, a sa safar hannu. Takardun da suka jiƙe a baza su a inuwa a sa musu fanka. Da laimar Legas ko Fatakwal, kwana biyu ya isa su fara fumfuna su manne. Rasit ɗin POS da makamantansu masu santsin takarda kuwa a ɗauki hotonsu, don zafi da danshi na goge rubutunsu.

Kuma kada a zubar da abin da ya lalace, kada a kai gyara kafin ɗaya ɓangaren ya zo ya gani ko a ba shi wa'adi ya ƙi zuwa.

Nawa ne asarar?

A nan ake yawan ɓatawa, don kowa da lissafin da ya yi masa daɗi. Mai kaya yana son kuɗin sabo. Mai mota yana cewa ai tsoho ne dama. Ƙa'idar ita ce a mayar da kai inda kake kafin ɓarnar, ba a sabunta maka ofis ba. Abin da ke gyaruwa, kuɗin gyara. Abin da ba ya gyaruwa, ko gyaransa ya fi ƙimarsa, sai kuɗin irinsa a kasuwa, mai shekarunsa da yanayinsa, a cire abin da za a samu idan an sayar da gawar.

A ɗauki misali. Ka sayi inji naira dubu 800 shekara uku da suka wuce. Yau sabonsa ya kai miliyan 1 da rabi, tokumbo irin naka dubu 700, mai gyara kuma ya ce dubu 250 zai tashe shi. Abin da za ka tsaya a kai dubu 250 ne. In ya mutu murus, dubu 700. Miliyan 1 da rabi ba taka ba ce, amma shi ma mai mota ba zai ɗauko tsohon rasit ya raba shi uku ya ce ga kuɗinka ba. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 farashin kayan waje ya yi tsallen da tsohon rasit ba ya nuna ƙimar komai. Amfaninsa yanzu shi ne nuna cewa kayan naka ne da lokacin da ka saya.

Nemi ƙiyasi a rubuce daga masu gyara biyu, a takarda mai sunan shago, da lambar jikin na'urar. A Kwamfuta Bilej ta Ikeja ko Alaba za ka samu wanda zai rubuta maka duk adadin da kake so, amma ba na ba da shawarar haka. Ɗaya ɓangaren ma ya san hanyar kasuwar, kuma da zarar an kama ƙari a abu ɗaya, sauran jerin naka ya zama abin zargi. Kotu tana son kowace asara a lissafa ta ɗaya bayan ɗaya da hujjarta. Cinikin da ka rasa a kwanakin da ofis ke tsaye yana da wuyar tabbatarwa. Kuɗin hayar wani inji ko na buga takardu a waje ya fi sauƙi, in ka ajiye rasit.

"Kaya a wuyan mai su" da maganar inshora

Webil da yawa suna ɗauke da wani layi da ƙananan haruffa da Turanci, mai cewa duk abin da ya sami kaya a wuyan mai su yake. Direbobi na ɗaga shi kamar laya. Yana da tasiri, amma ba yadda suke zato ba. Sharaɗin da ba a nuna maka ba sai bayan an gama ciniki an loda kaya, da wuya ya ɗaure ka. Dokar kare masu sayen kaya da ayyuka ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce duk sharaɗin da ke rage alhakin mai aiki dole a jawo hankalin abokin ciniki gare shi kafin a ƙulla, kuma ba ta yarda mutum ya rubuta wa kansa kariya daga mummunan sakaci ba. Jihar Legas ma tana da tata hukumar, LASCOPA, da ke karɓar ƙorafi. Waɗannan sun fi amfani idan kamfani ne mai ofis da adireshi.

Inshora kuwa, akwai ruɗani biyu. Na farko, takardar da direba ke nuna wa jami'ai a hanya, wadda doka ta tilasta, tana biyan ɓarnar da motar ta yi wa wasu ne a waje; kayan da ke cikinta ba sa ciki. Na biyu, inshorar gobara da sata da wasu ofisoshi ke da ita a kan adireshin da aka rubuta take. Kaya na barin ƙofa sun fita daga ƙarƙashinta, kuma sabon ofis ba ya shiga sai an sanar da kamfanin ya sauya adireshi a rubuce.

Abin da ke rufe wannan giɓi shi ne inshorar kaya a kan hanya, kuma ana yankar ta tafiya ɗaya tak. Ga mai ƙyamar inshorar da aka saba, akwai kamfanonin takaful masu lasisin NAICOM. A tambaya da kyau ko ta haɗa da lodi da saukewa, don kamar yadda tawa ta nuna, a matakala ake fasa kaya fiye da kan titi. A biya kuɗin kafin mota ta tashi, don ƙa'idar Najeriya ita ce in ba a biya ba babu kariya. Kada kuma a rage ƙimar kaya don a rage kuɗi: wanda kayansa na miliyan 10 ne ya rubuta miliyan 5, in ya yi asarar miliyan 2, miliyan 1 za a ba shi. Idan ɓarna ta faru a sanar da su cikin wa'adin da takardar ta gindaya, a jira mai ƙiyasinsu ya gani. Abu ɗaya da ke jefa mutanenmu cikin matsala: kada ka yafe wa mai mota ko ka yi sulhu da shi a bayan kamfanin inshora. Idan sun biya ka, haƙƙin bin mai motar ya koma hannunsu, in ka riga ka yafe ka ɓata musu, suna iya ƙin biya.

Ginin mutane da kayan mutane

Ba kayanka kaɗai ke lalacewa ba. Sef mai nauyi yana fasa tayil, kabad yana kankare bango, cire esi yana barin rami. Tsohon mai gida zai zabge daga kuɗin koshin da ya karɓa lokacin shiga. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta ɗora wa ɗan haya kula da wurin, amma ta cire tsufan yau da kullum, wato fentin da ya koɗe don shekaru ba naka ba ne, tayil ɗin da aka fasa jiya naka ne. Dokar ba ta aiki a Apapa, Ikoyi, Victoria Island da GRA ta Ikeja. A can takardar hayarku ce za a fi dubawa. Ku zagaya tare da mai gida ko wakilinsa ranar miƙa makulli, a yi hoto, a rubuta. Mai gida kai ya sani, ba mai mota ba. Kai za ka biya shi, sannan ka saka kuɗin cikin abin da kake bin wanda ya fasa.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne amanar abokan ciniki. A kwalin da ruwan batir ya ci akwai takardun mutane. Allah ya taimake ni fasfo-fasfo suna jakata, ba su hau mota ba, kuma wannan ita ce shawarar da zan fi nanatawa: fasfo, takardun fili, cak, hatimin kamfani, kuɗi da rumbun ajiyar bayanai su bi ka a jikinka. Idan na wani ya lalace, a gaya masa a ranar, kada ya ji a bakin wani. Takardar da ta ɓata ana yi mata rantsuwa a kotu da rahoton 'yan sanda kafin a nemi wata. Takardun rajistar kamfani ana samun kwafinsu mai hatimi daga CAC. Idan kuma kwamfuta ko fayil mai bayanan mutane ɓata ya yi, ba lalacewa ba, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ce a sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 matuƙar abin na iya cutar da masu bayanan.

'Yan sanda da yaran ofis

Da raina ya ɓaci, abin da ya fara zo mini shi ne in kai direban caji ofis. Wani dattijo a tashar ya ce, "Ɗana, in ka kulle shi, da me zai nemo kuɗin naka?" Daga baya na gane ba hikima kaɗai ba ce, doka ce. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum don saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba laifi ba ne, sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wani, irin a tsare yaron mota sai maigidansa ya fito. Kotuna sun sha cin tarar masu ƙarar da suka mayar da 'yan sanda masu karɓar bashi. Ga kuma abin da duk mazaunin Kudu ya sani: ƙaramar magana tsakanin Bahaushe da ɗan gari, ko tsakanin ɗan kasuwa da 'yan ƙungiyar tasha, ba ta da wuyar rikiɗewa ta zama wani abu daban. Wurin 'yan sanda shi ne idan kaya sun yi ƙafa, ko an lalata da gangan, ko an yi haɗari a hanya ana buƙatar rahoto.

Haka yaran ofis. Idan naka ma'aikacin ne ya yar da kwamfuta, zabge albashinsa kai tsaye ba daidai ba ne. Dokar Ƙwadago, sashe na 5, ta ce cire kuɗi don asarar da ma'aikaci ya jawo ta ganganci ko sakaci sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce, kuma duk abin da za a cire a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Ni a ganina ma, wanda ya sa akawu ɗaukar kabad don ya tsimi kuɗin dako, shi ya sayi abin da ya biyo baya.

Takarda, sulhu, kotu

Matakin farko takardar neman biya ce: ranar aiki, lambar mota, abin da ya lalace, adadin kuɗi, wa'adin biya, da kwafin hotuna da ƙiyasi. Ba zagi, ba barazana. A kai wa mai motar ko kamfanin, a samu shaidar sun karɓa.

Yawancin irin wannan magana a wajen sulhu take ƙarewa, a fadar Sarkin Hausawa, ko gaban shugabannin tasha ko na kasuwa. Yana da sauri, ba ya cin kuɗi, kuma mai mota yana jin kunyar waɗanda yake lodi a gabansu kullum fiye da takardar lauya. Rauninsa guda ne: ana tashi da "an daidaita, Allah ya kiyaye gaba", ba a rubuta komai ba, bayan wata biyu kowa ya tuna adadi daban. Idan ɗaya ɓangaren ba ya ƙarƙashin waɗannan shugabanni, a Legas akwai cibiyar sulhu ta Ma'aikatar Shari'a mai aiki kyauta, da rassa a sassan jihar, akwai kuma zauren sulhu na Babbar Kotu da aka buɗe a 2002.

Ko a ina aka zauna, a rubuta adadi, ranakun biya da asusun da za a tura, ɓangarorin biyu da shaidu su sa hannu. Dalilin ya wuce gudun mantuwa. Kotun ƙananan basussuka da Legas ta buɗe a 2018 a kotunan majistare tana sauraron ƙarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara a gama cikin kwana 60. Amma bashi tsayayye take karɓa, wanda adadinsa ya riga ya tabbata. "Ya fasa mini inji, ina ganin ya kai kaza" magana ce da sai an yi doguwar shari'a a kotun da aka saba. "Ya sa hannu zai biya kaza ranar kaza, bai biya ba" kuwa bashi ne. Takardar sulhun ita ke mayar da ta farkon ta koma ta biyun. Jihohi irin su Ogun, Edo da Ribas su ma sun buɗe irin wannan kotu, kowace da ƙa'idarta. Kada kuma a yi ta jan ƙafa: a Legas ƙarar saɓa yarjejeniya tana mutuwa bayan shekara 6, hujja kuwa tun kafin nan take mutuwa.

Tamu a ofishin shugabannin tashar aka zauna, bayan la'asar. Mai motar ya zo yana cewa bai san da lodin ba, sai aka nuna masa cewa kafin alƙalamin da na tura, ɗan kamasho ya cire la'adarsa ya tura sauran asusun da direba ke zuba masa kuɗin mako. Ya yi shiru. Ya karɓi kwamfutoci da batir, ya ƙi fotokofi, kuma ban ja ba. Aka yanke zai biya kashi uku cikin wata uku, sakataren tasha ya rubuta, muka sa hannu. Alhaji ya ce a bar 'yan dakon, ya kuma ce kuɗin injin ba zai taɓa albashina ba, abin da ya fi zagi zafi a wajena.

Biya na farko da na biyu sun shigo a kan lokaci. Na ukun ya wuce da mako biyar, waya ba a ɗauka. Na je kotun majistare na karɓo fom ɗin takardar neman biya mai wa'adin kwana 14, na cike, na haɗa da kwafin takardar sulhun, na kai wa sakataren tasha ya miƙa masa. Kwana huɗu bayan nan kuɗin suka shigo. Gawar fotokofin kuwa wani mai gyara a Ikeja ya saye ta don kayan ciki, kuɗin da bai kai na tawadar da ke cikinta ba.